A Buga Hatimi A Jikin Ƙwai Domin Mai Saye Ya San Yadda Aka Kiwata Kazar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan ƙwan da mai shayi yake soya mana da safe, da wanda uwargida take saye kiret-kiret a kasuwa, wanda babu mai iya gaya mana halin da kazar da ta yi shi take ciki. Mun iya bambanta ƙwan gida da na gidan gona, amma a cikin gidajen gonar akwai mai sakin kajinsa a kan dusar katako, akwai kuma mai cusa su cikin kejin waya hawa-hawa, kuma idan ƙwan ya iso kasuwa duk kamarsu ɗaya.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun magance wannan duhun tun shekarar 2004, lokacin da doka ta wajabta buga hatimi a jikin ɓawon ƙwan da ake sayarwa a kantuna. Lambar farko ita ce take bayyana irin kiwon: 0 na nufin kaza mai fita waje wadda aka ciyar da abincin da aka noma ba tare da takin zamani ba, 1 mai fita waje, 2 wadda take sake a cikin ɗaki amma ba ta fita, 3 kuwa kazar keji ce. Bayan lambar sai haruffan ƙasa da lambar gonar. Da mutane suka fara karanta wannan lamba kafin su biya kuɗi, sai manyan kantunan Jamus suka daina ajiye ƙwai mai lamba 3.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da keji. A tsohon kejin da Turai ta haramta daga 1 ga Janairu 2012, bisa dokar da aka kafa a 1999, rabon kowace kaza murabba'in santimita 550 ne, wato bai kai faɗin farar takardar A4 da muke rubutu a kai ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san kaza ba ta da aiki sai tono, da birgima a cikin ƙura, da hawa kan reshe ko katanga idan magariba ta yi, da neman lungu idan ƙwai ya zo mata. A cikin kejin nan ba ta samun ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko fikafikanta ba ta iya buɗewa, a haka take tsaye kan waya fiye da shekara guda har a sayar da ita. Zuciyata ba ta amince da hakan ba, musamman idan na tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Dokar Turai ma tana da giɓi. Kejin da aka bari bayan 2012 ya ƙara wa kaza wuri zuwa murabba'in santimita 750 kacal, kuma ƙwan da aka fasa cikin biskit ko taliya ba ya ɗauke da wata lamba. Mutane kusan miliyan 1.4 sun sa hannu a takardar neman a soke keji baki ɗaya, Hukumar Tarayyar Turai ta yi alkawari a 2021 cewa za ta gabatar da ƙudiri kafin ƙarshen 2023, amma wa'adin ya wuce ba ta gabatar ba.

Wanda bai damu da kaza ba ma yana da riba a hatimin. A 2017, da aka gano maganin ƙwari mai suna fipronil a cikin ƙwan wasu gonaki a ƙasar Holan, hukumomi sun fitar da lambobin gonakin, kowa ya duba ƙwan da yake gidansa ya zubar da wanda abin ya shafa. Idan irin haka ta faru a kasuwanninmu, da me za a bi sawun ƙwan?

Na san tsadar masara da waken suya ta durƙusar da masu kiwo da yawa, don haka ba na kira da a rushe keji gobe. Roƙona ga hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024 shi ne su fara da manyan gonaki masu kai ƙwai kantuna da otal-otal, a wajabta musu rubuta sunan gona, da ranar da aka kwashe ƙwan, da irin kiwon, ko da a jikin kiret ne kafin a kai ga ɓawo. Mai kaji goma a bayan ɗaki kuwa a ƙyale ta, domin a Turai ma doka ta ba ƙasashe damar ɗauke wa mai kajin da ba su wuce 50 ba buga hatimin idan da kansa yake sayarwa a kasuwar garinsu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya