Wasiƙa daga Zariya: Haƙori ya fita, ciwo ya zauna

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya Fatakwal, ya ruwan nan naku da ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya kankama, da asuba ko masallacin bakin layi ba ka hangowa saboda hazo.

Na ga kiranka har sau huɗu, na kuma ga saƙonka wai ko na yi kuɗi ne na daina ɗaga waya. Wallahi ba haka ba ne. Yau sati uku ke nan magana sai dole nake yin ta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka. Da ma akwai abin da nake son tambayarka kan bikin autanku, amma bari in fara da abin da ya same ni.

Ka tuna haƙorin nan na can ƙurya, na ƙasa ta hagu, wanda ya hana ni cin naman layya bara? Shi ne turmin ƙarshe, irin wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, wajen shekara 17 zuwa 25. Nawa bai samu wuri ba. Da aka ɗauki hoto sai ga shi a kwance cikin ƙashi, kansa ya tokare na gabansa. Likita ya sa bakin biro ya nuna mini wani siririn layi da ya bi ta ƙarƙashin saiwar, ya ce hanyar jijiya ce, kuma saiwar ta matso kusa da ita. Bai ɓoye mini komai ba, ya ce aikin zai yi wuya. Na ce a cire, na gaji.

Awa ɗaya da rabi na yi baki a hangame. An yi mini allurar kashe zafi, saboda haka ban ji ciwo ba, amma ina jin komai. Aka tsaga dasashi, inji ya ci gefen ƙashi, aka raba haƙorin gida uku. Saiwa ɗaya ta karye ta maƙale, sai da ya daɗe yana lalubo ta. Ƙarar nan ba ta kunne kake jin ta ba, ta cikin ƙoƙon kai take zuwa. Da ya gama ya ɗinke, ya sa mini auduga ya ce in cije.

Kai da ka haura katangar makaranta ranar rigakafi, da kai ne a kujerar nan da sai an kira mutum huɗu sun danne ka.

Kafin in fita ya ja mini kunne: kada in kurkure baki har awa 24, kada in tofar da yawu da ƙarfi, kada in zuƙi abu da tsinken shan lemo, ban da abu mai zafi. Na ce to. Amma ka san alwala, hannu ne ke kai kansa. La'asar na kurkure sau uku, Magariba haka, Isha haka, kuma da ƙarfi, don ɗanɗanon jini ya dame ni. Ko kaɗan ban kawo cewa kurkurar da ya hana ke nan ba. Daga baya da na ba liman labari ya ce ai tun a Ahalari muka karanta cewa kurkurar baki sunna ce ba farilla ba, mai larura ya bar ta alwalarsa ta yi. Na sani, amma ranar ban tuna ba.

Kwana biyun farko kumburi ne kawai, kunci ya tashi, baki ba ya buɗuwa ya wuce yatsa biyu. Koko da kunun gyada mai sanyi nake sha da ƙaramin cokali. A dare na uku abin ya zo. Abokina, na yi ciwon haƙori shekara da shekaru, amma wannan daban ne. Daga ramin yake tasowa, ya bi muƙamuƙi ya shiga kunne, ya hau gefen kai, ya dawo ya zauna a bayan ido. Yana bugawa kamar ana daka a ciki. In iskar hunturu ta shiga bakina sai in ji har ƙwaƙwalwa. Na naɗe fuska da rawani, na yi ta zagaya tsakar gida har aka kira assalatu. Maman yara ta zauna a bakin ƙofa da tocila, ta rasa abin da za ta yi mini, sai sannu. Ga wani wari da ke fitowa daga bakin, ni kaina ina jin sa.

Da safe na aika kemis, aka kawo ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, na sha kwana biyu, ko gezau. Yaron kemis ɗin har ya ce a gwada tramadol, na ce a'a, na ga abin da ta yi wa yaran unguwarmu. Inna ta zo da kanumfari a ƙulle cikin leda ta ce in tauna in danna a wurin. 'Yan dubiya kuwa kowa da nasa: mai cewa tsutsa ce ta rage, mai cewa sanyi ne ya shige ni, mai cewa ai da wanzami na kai wa da tuni an wuce wurin.

Af, Dogo ma ya zo dubiya, a cikin sabon Keke Napep ɗinsa. Ya biya rabi, saura yana biya duk wata. Ya ce in gaya maka bashin nan na tun zamanin ƙwallo bai yafe ba. Mai shayin bakin layi kuma ya tashi, ya koma kusa da tasha, majalisa ta watse, yanzu a ƙofar gidan Kawu ake zama bayan Isha.

A kwana na biyar na koma asibiti. Likita ya haska fitila, kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya ce in an cire haƙori, jini ne ke daskarewa a ramin ya zama murfi, a ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Nawa murfin ya fita, ƙashi ya zauna a fili, iska da abinci suna taɓa shi. Ya ce an fi samun haka a turamen ƙasa, musamman in an sha wuya wajen cirewa, kuma masu shan sigari sun fi kowa gamuwa da shi. Ba ruɓa ba ce, shi ya sa ƙwayoyin kemis ba su yi komai ba. Da na tambaye shi me ya kai ciwon kunne da ido, sai ya ce babbar jijiyar da ke kawo ji a fuska reshe uku gare ta, ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya muƙamuƙin ƙasa, in ɗaya ya ƙone sai ka ji kamar duk gefen ne.

Ya wanke ramin da ruwan gishiri a sirinji, ya cusa wani magani mai kama da zare-zare. Ƙamshin da ya bugi hancina, kanumfari! Ya ce e, daga man kanumfari ake samo sinadarin. Kafin in kai bakin titi ciwon ya faɗa, har na ji hawaye ya zubo mini. Ranar na yi barcin da rabona da shi kwana uku. Da na gaya wa Inna ta ce ai ta faɗa. Sau biyu na koma aka sake sa maganin, ina haɗawa da paracetamol da ibuprofen yadda ya rubuta, da ruwan gishiri mai ɗumi a hankali bayan cin abinci.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ciwon ya tafi, amma leɓena na ƙasa ta hagu da rabin haɓa har yau ba su dawo ba. Kamar allurar ba ta sake ni ba. Shekaranjiya ina shan shayi ya zubo mini a riga ban sani ba, sai 'yar ƙaramar ce ta ce, Baba, bakinka. Na je madubi na daɗe a tsaye. Ka san yadda marigayi Baba ya fara, da bakin da ya karkace. Duk daren ban gaya wa kowa abin da ke raina ba, kai ne na farko.

Likita ya sa na yi murmushi, na hura kumatu, na rufe ido, duk lafiya. Ya ce wannan ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar motsi daban, ta ji daban. Wadda ya nuna mini a hoto ce ta bugu lokacin da ake fama da saiwar. Ya sa na rufe ido, yana shafa mini auduga a haɓa yana tambaya ko na ji, sannan ya zagaye wurin da ba na ji da biro ya auna. Ya ce yawanci tana farfaɗowa cikin makonni ko 'yan watanni, amma in aka doshi wata uku ba canji zai tura ni wajen masu aikin muƙamuƙi da fuska, ba za a zauna jira ba. A aji ina jin nauyi in na zo kan furta haruffan ba da mim, ɗalibai sun ce ba su lura ba, ni dai ina ji.

Tun jiya nake jin kamar kiyashi na tafiya a gefen leɓen. Na kira likitan ya ce alama ce mai kyau. Ka sa ni a addu'a, don Allah.

Kai kuma naka haƙorin da kake danna wa goro, ka je a ɗauki hoto tun bai kwantar da kai ba. Sigarin da ka rantse mini ka bari, in da saura, ka ajiye ta kafin ka hau kujerar nan. Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa mai sunana kilishinsa na nan zuwa in an samu mai tahowa. Ranar Litinin zan koma a sake auna haɓar, zan sanar da kai ko da'irar ta ragu.

Naka har kullum,
amininka na Tudun Wada