Wasiƙar godiya ga shagon kayan baka da kibiya na unguwarmu a Columbus

Zuwa ga mai shago da yaransa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na zaɓi in yi muku godiyar nan a bainar jama'a ne domin 'yan'uwanmu mazauna jihar Ohio masu sha'awar farautar barewa su san inda za su dosa kafin a buɗe farautar baka a ƙarshen watan Satumba.

Kan kibiya na je saye. Iri biyu ne a kasuwa: mai kafaffen kaifi, da mai wuƙaƙe a naɗe waɗanda ba sa buɗewa sai kibiya ta taɓa jikin dabba, irin su Rage. Na biyun ya fi shan talla, kuma da kun miƙo mini shi, da na biya na kama gabana. Amma sai da kuka rataya bakana a ma'auni, aka ga ƙarfin jansa fam 45 ne, ɗan sama kaɗan da fam 40 da dokar jihar ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci. Kuka ce buɗewar wuƙaƙen nan tana cinye wani kaso na ƙarfin kibiya, baka mai sauƙi irin nawa kuwa ba shi da rarar da zai yi asara. Kuka zaɓa mini mai kafaffen kaifi, Magnus Stinger, wanda yake fara yanka tun daga tsininsa, mai nauyin giram shida da rabi, faɗinsa kuma ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci da doka ta ce kada a gaza.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin. Yaron da ke kan teburin gyara ya ɗora kowace kibiya a kan 'yan tayoyi yana murza ta, idonsa a kan tsinin. Guda ɗaya tana ɗan rawa, rawar da ni ban ma gani ba sai da ya sa ni na sunkuya. Ya cire kan, ya gyara masa zama, ya sake murzawa har ta daidaita. Daga nan ya sa na harba ta cikin takarda, ya karanta yadda ta yage, ya gusar da mazaunin kibiya da ƙyar kaurin farce. Sannan muka koma filin gwaji, yadi 20 da yadi 30, ina harba mai kan atisaye ina bi da mai kaifi, har suka riƙa sauka wuri guda. Dalili, in ji shi, faffaɗan kai yana kama iska, ƙaramar karkata a baka sai ta zama tazara babba a jikin barewa. Kaifin ma bai bar shi haka ba: ya ja roba ta miƙe, ya goga mata bakin, nan take ta tsinke. Dakusasshe ture jijiya yake yi gefe ya wuce.

Maharbanmu na gida dafi ne ke ƙarasa musu aiki. A nan doka ta hana kibiya mai dafi, saboda haka kaifi da saiti kaɗai ne za su ratsa huhu biyu dabba ta faɗi da wuri, ba ta tafi da rauni ta mutu a duhuwar daji ba. Ga Musulmi kuma akwai ƙari, domin a hadisin Adiyyu bin Hatim, abin da makami ya kashe da kaifinsa bayan an ambaci sunan Allah shi ake ci, wanda ya buge da gefensa ba a ci. Ba ku san da wannan ba, amma hidimarku ta yi daidai da shi.

Duk wannan ɗawainiya, kuɗin kawunan kibiya kawai kuka karɓa, har da tunatar da ni in ware wanda na yi gwaji da shi, kada ya shiga kwari sai an wasa shi. Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci kasuwa.

Naku,
Wani maharbi daga Columbus