Almajirin Almasihu ba ya sauke karatu

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa Kirista kan sanin nufin Allah. Yawancinmu ba ma tuna wannan batu sai aure ya taso, ko sauya aiki, ko ƙaura, sai a shiga azumin kwana uku ana jiran mafarki. A ganina tun nan aka saki hanya. Linjila ta kira mabiyan Yesu almajirai, kuma wannan karatu ba shi da ranar sauka. Dubi Bulus a 2 Timoti 4:13: yana kurkuku, yana hangen mutuwa, amma ya aika wa Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafai, musamman na fata.

Kaso mafi girma na nufin Allah a rubuce yake. 1 Tasalonikawa 4:3 ta ce tsarkin rai ne, 5:18 ta ce godiya a kowane hali, Mika 6:8 kuwa ta ambaci adalci da jinƙai da tawali'u. Wanda aka ba aikin da sai da ƙarya yake tafiya ba ya bukatar wata alama, amsarsa tana hannunsa.

To, yaya za a yi karatun? Littafi Mai Tsarki yana da surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Sura uku kullum daga Litinin zuwa Asabar, biyar ran Lahadi, sun zama 23 a mako, cikin shekara an gama. Minti ashirin a rana ya kan wadatar. Inda aka fi tsayawa shi ne Littafin Firistoci. Mutum ya taho da zafinsa daga Farawa da Fitowa, sai ya ci karo da dokokin hadaya, gwiwa ta yi sanyi. Maganinsa a gauraya, biyu daga Tsoho, ɗaya daga Sabo, a soma da Markus mai surori 16. In an yi fashin kwanaki kada a tara bashi, a ci gaba daga inda aka tsaya, domin bashin ne ke sa a bari gaba ɗaya.

A ajiye ɗan littafin rubutu kusa. Kowace rana a sa kwanan wata, a amsa tambaya uku: me nassin ya faɗa, ga wa aka faɗa, me zan yi da shi yau. Ta ukun ita ake yawan tsallakewa, alhali Yohanna 7:17 ta ɗaure fahimta da niyyar aikatawa. Amsar ta zama abin da za a iya nunawa, kamar biyan wane haƙƙinsa ko neman gafarar wance.

Kuskure biyu ne suka fi damuna. Na farko, buɗe Littafin da ka a ɗora yatsa kan aya. Irmiya 29:11, da ake so ƙwarai, wasiƙa ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta gaya musu sai an cika shekara 70. Wanda ya tsinke ta ita kaɗai zai sa ran sauƙi gobe, in bai zo ba ya ce Allah ya saɓa alkawari. A karanta surar duka kafin a jingina da ayar. Na biyu, ɗaukar kwanciyar rai a matsayin hujja. Yunusa barci yake sharɓa a cikin jirgi sa'ad da yake gudun umarnin Allah, Yesu kuwa a Getsamani yana tsakiyar nufin Uba, ransa na shan azaba.

In babbar shawara ta taso wadda nassi bai yanke ba, a roƙi hikima bisa Yakubu 1:5, sannan a kai maganar ga mutum biyu ko uku da suka manyanta cikin bangaskiya, waɗanda za su iya cewa a'a ba kunya. Afolos masanin Littattafai ne mai iya magana, duk da haka ya zauna Bilkisu da Akila suka gyara masa fahimta. Bayan haka a yanke, a tashi. A Ayyukan Manzanni 16, Bulus yana cikin tafiya aka hana shi Asiya, aka hana shi Bitiniya, sai da ya kai Taruwasa kiran Makidoniya ya zo.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya kuma, don Allah ku ware ko awa ɗaya a mako ku koya wa jama'a yadda ake karatun da kansu, har su iya gwada wa'azinku da nassi kamar yadda mutanen Biriya suka gwada wa'azin Bulus.

Na gode.

Mai karanta jaridarku