Yadda Kwalejin Fasaha ta Kumasi ta zama jami'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi bayani kan jami'o'in fasaha na Ghana, domin da yawa suna ɗauka allo kawai aka sauke a bakin ƙofa aka kafa wani a 2016, lokacin da aka fara mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i. Jami'ar Fasaha ta Kumasi ta ishe mu misali.

A 1954 aka buɗe ta a matsayin makarantar koyon sana'ar hannu. A 1963 aka kira ta foliteknik, wato kwalejin fasaha, amma sunan ne kawai ya girma, don takardunta ba su kai na manyan makarantu ba. Sai a 1992, da dokar gwamnatin soja ta PNDC mai lamba 321, ta shiga sahun makarantun gaba da sakandare, ta fara karatun babbar difloma ta HND na shekara uku. Dokar 2007 mai lamba 745 ta ba ta damar yin digirin fasaha na B.Tech. Wato kusan shekara sittin da biyu ta yi tana hawa kafin doka mai lamba 922 ta mayar da ita jami'a a 2016.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sharuɗɗan. Bayan Shugaba John Mahama ya sanar da shirin mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i a 2013, an kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta George Afeti, wanda ya yi nazarin tsarin jami'o'in fasaha na Jamus. An buƙaci kowace makaranta ta kasance tana gudanar da digirin B.Tech aƙalla huɗu da aka amince da su, kuma a fannin kimiyya da fasaha. Kowane sashe ya samu babban malami a matsayin shugaba, da malamai aƙalla uku na dindindin masu digiri na biyu, ɗaya daga ciki ya taɓa aiki a masana'anta. Sannan a kawo shaidar yarjejeniya da kamfanonin da za su karɓi ɗalibai su koyi aiki.

Cikin kwalejojin fasaha goma na ƙasar, shida ne suka haye a karon farko: Accra, Kumasi, Takoradi, Ho, Koforidua da Sunyani. Tamale da Cape Coast sai da aka gyara dokar a 2018, Bolgatanga da Wa kuwa sai 2020. A ganina wannan jinkirin ba abin kunya ba ne, shi ne ma ya nuna an yi tantancewar da gaske.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an samu sunan. Koyar da akanta ko kasuwanci yana buƙatar aji da allo da malami. Koyar da aikin injiniya kuwa sai da injin gyaran ƙarfe, na'urar walda, wutar da ba ta yankewa, da ƙarfe da waya da ɗalibi zai lalata yau a sayo wani gobe. Duk makarantar da ta dogara da kuɗin makaranta za ta karkata ga kwas mai araha mai cika aji, sai a wayi gari ɗaliban kasuwanci sun rinjayi na bita, wato ɗakin koyon aiki da injina, alhali don bitar aka kafa ta.

Ga kuma batun malamai. Da zarar an ce ƙarin girma sai da digirin digirgir da maƙalu, gwanin da ya shekara ashirin a masana'anta zai ga ba shi da gaba, matashin malami kuma zai bar bita ya koma rubutu. Albashi ma bai bi sunan nan take ba. A 2019 ƙungiyar malaman jami'o'in fasaha, TUTAG, ta shiga yajin aiki tana neman a biya ta daidai da sauran jami'o'in gwamnati.

Tun 2020 hukumar ilimin gaba da sakandare ta Ghana, GTEC, ce ke sa ido kan manyan makarantun ƙasar. Ina kira gare ta da ta riƙa wallafa adadin ɗaliban kowane sashe duk shekara, da adadin injinan da ke aiki a kowace bita, da watannin da ɗalibi ya yi a masana'anta kafin a ba shi takarda.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin koyar da aikin injiniya