Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Zazzaɓin Tsoho Ba Ya Ƙona Hannu

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gwaggona, wadda Allah ya yi wa rasuwa bara tana zaune a wani gidan gajiyayyu a jiharmu.

Kwana uku ta yi tana ture kofin koko. Ta koma kiran mai kula da su da sunan yayarta da ta daɗe da rasuwa, ta kuma jiƙa shimfiɗa, abin da ba ta taɓa yi ba, ita da alwala ba ta yanke mata. Matar ta ɗora bayan hannu a goshinta, ta ji babu zafi, ta ce gigin tsufa ne. Rana ta huɗu numfashi ya fara sama-sama, aka aika kemis aka sayo maganin maleriya da taifod. Ko da aka kai ta asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, nimoniya ta riga ta ci huhun. Ban ga laifin baiwar Allah nan ba. Ita kaɗai ce a ɗakin mata, ko ma'aunin zafin jiki babu a gidan, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa jikin tsoho ba ya ɗaukar zafi irin na yaro.

Kai likita ne, cututtuka masu yaɗuwa kuma fanninka ne, don haka ba karatu zan koya maka ba. Tun 2008 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta sauko da ma'aunin zazzaɓi ga mazauna gidajen tsofaffi: awo ɗaya a baki da ya haura digiri 37.8, ko awo da aka maimaita yana haura 37.2, ko ƙarin 1.1 a kan zafin da jikin mutum ya saba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi amfani a wurina. Muna da wani dattijo da kullum awonsa 36.1 ne. Ran da na ga 37.4, ga shi ya bar shayinsa ya huce, sai na zauna na ƙirga numfashinsa minti guda cur da agogo a hannu, na samu 28. Daga 25 ake fara zargin huhu. Na maƙala masa ɗan na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, oksijin ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, na kira likita. Mako biyu bayan nan yana min tsiya a kan ƙwallo.

Su ma nan ba wai sun gama iyawa ba ne. Nasu ciwon shi ne fitsari: da tsohuwa ta ruɗe, sai 'ya'yanta su dage a gwada fitsari a ba ta antibayotik. Alhali a gidajen tsofaffi, daga kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabin mata suna ɗauke da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da wani ciwo ba. Shi ya sa hukumomin lafiya a nan suka ce a daina dogara da gwajin tsinken da ake tsomawa a fitsari ga wanda ya haura shekara 65. Idan babu zafin fitsari, babu ciwon mara ko kwiɓi, a nemi cutar a wani wuri: ƙirji, gyambon kwanciya, ƙishirwa, cushewar ciki. Namu kuwa a Najeriya gwajin Widal ne, na taifod, wanda ka fi ni sanin yadda yake yaudara. A ɗura wa tsoho maganin da ba nasa ba, zawo ya biyo baya, ƙwayoyin cuta su koyi bijire wa magani, ainihin ciwon kuma yana can yana cinsa.

Roƙona ba ya buƙatar kwangilar gini. A haɗa kai da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a fitar da takarda shafi ɗaya, da Hausa, boko da ajami, a liƙa a bangon kowane gidan gajiyayyu da ƙaramin asibiti. Ta ce: ranar da aka karɓi tsoho a auna zafinsa a rubuta. Idan ya ƙi abinci, ko ya ruɗe farat ɗaya, ko ya faɗi, ko fitsari ya kufce masa, a auna, a ƙirga numfashi, a kira ma'aikacin lafiya a ranar, ba gobe ba. A ba kowane gida ma'auni da na'urar yatsa, tare da batir, don na san halinmu.

A kuma kai maganar rediyo, domin yawancin tsofaffinmu suna gida, a hannun 'ya'ya mata da surukai, su ma da bayan hannu suke awo. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar tsofaffi tun 2012. Akwai waɗanda za su iya tsara takardar cikin mako guda. Idan Hausar ce matsala, ni da abokan aikina a nan za mu rubuta, kyauta.

Allah ya yi jagora.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ingila.