Wasiƙa zuwa ga Nasiru a kan maganar Duna

Kano,
Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Aminina Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Hanifa da yara. Ya sanyin Manchesta? Mu ma nan hunturu ya kankama, da safe in ka tsaya a gindin Goron Dutse da ƙyar kake hango Dala saboda hazo. Ranar Juma'a na je na gaishe da Inna, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce in gaya maka ka rage aiko da magani ka ƙara kiran waya.

Sau uku kana tambayata labarin Duna, karen gonar kaji, a WhatsApp ina ta kewaye-kewaye. Ba mantuwa ba ce, kunya ce. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa gara in zauna in rubuto maka komai tun daga tushe, don saƙon murya ba zai ɗauki maganar ba.

Ka san Alhaji ya rufe gonar kajin bayan Babbar Sallah. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabo, kullum sai an ciro daga aljihu an cika wa kaji ciki. Aka sayar da kaji, aka sayar da janareto, har tankin ruwa ya samu mai saye. Duna ne kaɗai ba wanda ya taya. Direba ya kai shi wurin likitan dabbobin da muke sayen magani a hannunsa, wai a ajiye shi mako biyu kafin a san yadda za a yi. Mako biyu ya zama wata huɗu. Likitan yana da keji biyar a bayan shagonsa, inda yake riƙe karnukan masu tafiya, da waɗanda aka kawo aka manta da hanyar shagon. Kada ka kawo a ranka irin Battersea, gidan kula da karnukan nan na Landan da ka ba ni labari, mai aiki tun 1860 da tarin ma'aikata da masu ba da gudummawa. Nan mutum ɗaya ne, da yaron shagonsa, da aljihunsa.

Cikin Oktoba ya kira ni da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Malam Kabiru, karen nan naku ya ciji yarona.” Yaron ya miƙa hannu ne zai janye kwanon abinci, Duna ya cafke shi a tsintsiyar hannu. Likita ya sa shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tura shi asibiti aka fara masa allura, shi kuma karen aka kulle shi kwana 10 ana kallonsa. Ka'idar ke nan: karen da ciwon hauka ya riga ya isa yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki lafiya lau. Na kwana ina binciken takardun gona har na samo katin rigakafinsa na bara, wanda aka yi masa da allurar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Kwana 10 suka cika yana ci yana sha, muka yi hamdala. Likita bai ɗauki abin da wasa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Daga nan ya ba ni wa'adi: ko in samo wa Duna wuri kafin ƙarshen Nuwamba, ko ya yi masa allurar da ba a tashi.

Nasiru, ba kwikwiyon da ka bari a 2021 ba ne, mai bin ka har bakin masallaci ya kwanta yana gadin takalminka. Bayan tafiyarka an kawo sabon maigadi, irin masu cewa kare ba ya zafi sai da yunwa da duka. Ya ɗaure shi a gindin darbejiyar nan da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, dare da rana, har cikin zafin Afrilu. Abinci sau ɗaya, gora kuwa kullum. Yaran unguwa su hau katanga su yi ta jifa, shi ba wurin gudu. Ina wucewa ina gani. Sau ɗaya na yi magana, maigadi ya ce in kula da kajina, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Abin da ya hana ni amsa maka ke nan.

Da na zauna da likita ya warware min halinsa sai na ga ashe ba mugunta ba ce, tsoro ne. In yana cin abinci kada kowa ya matso. In ya ga namiji da sanda sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya maƙale wutsiya, in ba hanyar tsira ya yi kanka. Yaro mai gudu da ihu kuwa shi ne babban abokin gabarsa. Sannan an tarar kunnensa na hagu ya ruɓe daga ciki, ga kaska fal, shi ya sa ko inuwar hannu ta gifta ta wannan ɓangaren sai ya zabura. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar gurnani. Likita ya ce gurnani gargaɗi ne, kare yana cewa ka ja da baya. In ana dukansa duk lokacin da ya yi gurnani, ba tsoron yake dainawa ba, gargaɗin yake dainawa, sai ya koma cizo ba sallama. Haka aka yi wa Duna. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Na so in kawo shi gida, Maman Abba ta ce sai dai in zaɓa. Gaskiyarta ce: gidan haya a Rijiyar Zaki, tsakar gida kamar tafin hannu, yara huɗu ban da na maƙwabta. Na tambayi malaminmu na tsakanin magariba da lisha, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ba najasa ne abin dubawa ba, amma izinin riƙe kare na gona ne da kiwo da farauta, maganar gadin gida kuwa malamai sun yi saɓani. Ya ƙara da tuna min mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, ya ce in nema masa wurin da zai yi amfani.

Sai na yi wauta. Wani Alhaji a Hotoro yana neman karen gadi, na ce ina da rabin alsheshan, “yana da ɗan zafi kaɗan.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ambaci cizo ba, ban ambaci yara ba, don ina gudun ya fasa. Muka ɗauko shi a kurkura, muka sauke a harabar gidan, ina riƙe da sarƙa na naɗe ta a hannu sau biyu. Alhaji yana yaba girmansa, sai ga autansa, yaron bai fi shekara shida ba, ya fito a guje yana “Baba, kare! Baba, kare!” Ban ji ko gurnani ba, sai dai na ji sarƙa ta fizge ni har gwiwata ta daki siminti. Haƙorinsa ya kama hannun rigar yaron ya tsarge ta har kafaɗa. Fata ba ta taɓu ba, Allah ne kawai ya tsare. Alhaji bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki ɗansa, ya dube ni ya ce, “Malam, ka san haka yake?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “To Allah ya kiyaye gaba,” ya shige ciki. Har muka koma shagon likita hannuna bai daina rawa ba.

Bayan kwana biyu wasu mutum biyu suka zo suka taya naira 30,000, ba su tambayi sunansa ba, ba su tambayi halinsa ba, cinyarsa kawai suke kallo. Yaron shago ya raɗa min cewa masu lodi ne zuwa kasuwar karnuka ta Dawaki a jihar Filato. Sana'arsu ce, ban ce musu komai ba, na dai ce ba na sayarwa ba ne.

Wanda ya buɗe min ido wani tsohon mafarauci ne a wajen Dawakin Kudu. Shi na fara gaya wa gaskiya tas. Ya saurara, ya tashi ya buga gorarsa a ƙasa sau ɗaya, Duna ya shige ƙarƙashin kurkura har da fitsari. Tsoho ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, wannan ba na daji ba ne, nawa za su yayyaga shi kafin azahar. Ka nema masa wurin da ba yara, ba wani kare, mutum ɗaya zai sani.” Shi ya kwatanta min Malam Idi, mai kula da wani lambun mangwaro da gwaba a wajen Tamburawa, kan hanyar Zariya. Lambun a katange yake, kuma sau biyu ɓarayi suna ɗauke musu injin ban ruwa.

Wannan karon na rubuta duk aibinsa a takarda, har da abin da ya faru a Hotoro, na karanta wa Malam Idi a gaban mai lambun. Na zaci za su ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Malam Idi ya ce a kawo shi ya gani tukuna.

Da ka ga yadda dattijon nan ya yi da shi. Muka ɗaure Duna a inuwa da doguwar igiya. Ya jingine sandarsa can nesa, ya shimfiɗa buhu, ya zauna ya ba shi kafaɗa, ya kunna 'yar rediyonsa kamar bai san da wani kare ba. Jifa-jifa ya cilla ƙafar kaza ta baya ba tare da ya waiga ba. Ranar farko Duna bai taɓa ba sai da muka matsa. Rana ta uku ya ci yana kallonsa. A zuwanmu na biyar ya tako a hankali, wuya a miƙe, ƙafafun baya a shirye don gudu, ya shinshina gefen buhun, ya koma. Malam Idi bai ko motsa ba, ya ce min ƙasa-ƙasa, “Bar shi, yau ya gaishe ni.” Ni da na yi shekara uku ina wuce karen nan, ban taɓa ba shi ko rabin wannan haƙurin ba.

Yau kwanansa 12 a can. Mun yi da su za a gwada wata ɗaya. An ja waya tsakanin bishiya biyu, igiyarsa tana zamewa a kai, yana iya kaiwa da komowa da rana, da dare a sake shi cikin katanga. Abinci a ajiye masa a ba shi wuri. An rubuta gargaɗi a ƙofa. Maganin kunne Malam Idi bai iya ɗiga masa ba tukuna, sai na ƙwaya ake tura masa cikin tuwo. Sharaɗin da na fi nanatawa shi ne in abin ya gagara ni za a kira, ba sayarwa, ba kyauta, ba saki a titi.

Kada ka ɗauka ya warke. Ranar Alhamis jikan Malam Idi ya kawo masa abinci, Duna ya taso har igiya ta ƙare. Sai dai ya yi gurnani kafin ya taso, likita kuma ya ce wannan ci gaba ne, ko da yake uwar yaron ba za ta kira shi haka ba. Abin da ke hana ni barci shi ne lokacin mangwaro, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da lambun zai cika da masu tsinka da 'yan sari da yaransu. In har lokacin bai natsu ba, tsugune ba ta ƙare ba, kuma na gaya wa likita in ya sake cizon mutum ba zan ƙara roƙonsa ba.

Abu biyu nake so ka yi min. Kuɗin ajiya da magani na wata biyar yana kaina, Alhaji mai gonar kaji ya daina ɗaga wayata, in da hali ka ɗauki rabi. Sannan ka nemo mana takunkumi irin mai kama da kwando, wanda kare zai iya haki ya sha ruwa yana sanye da shi. Na yadin da na samu a Sabon Gari yana ɗaure baki ne gam, likita ya ce a zafin Kano zai iya halaka shi. Ka ba wa duk mai tahowa kafin azumi. Awon bakinsa zan turo maka ranar Laraba, in Malam Idi ya samu ya auna.

Ka gaishe min da Maman Hanifa, ka shafa min kan yara. Su Abba suna gaishe ka.

Naka,
Kabiru