Masu ciwon suga: ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu ciwon suga a Zamfara da masu jinyarsu kan cutar ƙoda da ake yawan ɗauka maleriya ce ko taifot.

Idan suga ya haura kamar 180 a na'urar gwaji, yakan fara zubowa cikin fitsari, ƙwayoyin cuta su samu abinci. Galibi E. coli ce, ta bayan gida. Wanda ya daɗe da suga kuma, jijiyoyin mafitsararsa kan raunana, ba ya juye fitsari duka, sauran ya kwanta, cutar ta hau har ƙoda. Mata sun fi kamuwa.

Zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi ta baya ƙarƙashin haƙarƙari, amai, fitsari mai zafi ko gurɓatacce, suga ya ƙi sauka: wannan na asibiti ne a ranar. Dattijo kuwa wani lokacin ruɗewa kawai za a gani.

A kemis ake yin ɓarnar. A ba da maganin maleriya, a haɗa da maganin rage ciwo irin diclofenac ko ibuprofen, wani har ya yi allurar gentamicin ba gwaji, alhali dukansu suna lahanta ƙodar da ta riga ta jigata. Jiƙon "maganin sanyi" na masu lasifika a kasuwa kuwa ɓata kwanaki ne kawai.

Kafin a fara magani a ba da fitsari don gwaji, na tsakiya (bayan na farko ya zube), a kwalbar asibiti. Sakamakon da ke nuna ƙwayar da abin da ke kashe ta kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, amma likita ba zai jira ba, zai fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ana shan maganin kwana 7 zuwa 14, kada a ajiye don jiki ya yi sauƙi. Mai amai ya gaya wa likita in yana shan maganin suga na metformin, domin akan dakatar da shi. Insulin kuwa ba a dainawa.

Zazzaɓin da ya kwana 3 bai sauka ba yana buƙatar hoton ciki. Mai yiwuwa tsakuwa ta toshe hanya, ko mugunya ta taru, ko iska ta cika ƙodar, cutar da kusan masu suga kaɗai take kamawa. Sai an sa bututu an zuƙe, wani lokacin a cire ƙodar.

Mutanen Shinkafi, Anka da Talata Mafara, kun san halin hanyoyinmu da dare. In ƙaramin asibiti ya tura ku asibitin tarayya na FMC Gusau, ku kama hanya tun da safe.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya, Gusau.